Yadda ake shirya hoto mai zurfi (3D) kafin a buɗe shi a manhaja, da dalilin da ya sa naka yake sa ciwon kai

Tun da na fara wasa da hotunan 3D ɗin nan tambayar da aka fi yi min ita ce wai wane fayil ne ya fi, MPO ko JPS ko wannan mai ja da shuɗi, kuma gaskiya tambayar ce ma a karkace, don babu wani abu shi kaɗai da ake kira fayil ɗin 3D. Hotuna biyu ne. Ɗaya na idon hagu ɗaya na idon dama, shi kenan. Duk sauran sunayen nan da kake ji hanyoyi ne kawai na ƙunshe hotunan biyu yadda na'urar da za ta nuna su za ta iya miƙa wa kowane ido nasa. In ka riƙe wannan a ranka rabin ruɗanin ya tafi.

Gwada wani abu yanzun nan. Ɗaga babban yatsanka a gaban fuskarka, rufe idon hagu, buɗe, rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle sosai, amma bangon da ke can baya da ƙyar yake motsi. Tsakanin idanun babban mutum akwai kusan santimita 6 da rabi, saboda haka kowane ido daga wajensa yake kallon duniya, ita kuma ƙwaƙwalwa da wannan bambancin tsallen take auna me ke kusa me ke nesa. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ya fito da bayanin wannan a 1838 tare da na'urar madubai da ke nuna wa kowane ido zanensa daban, tun ma hoto bai gama haihuwa ba. Abun da muke yi yau a kwamfuta shi ne dai abun da ya yi da madubi.

To bari mu fara daga ɗauka, don abun da ya lalace a nan manhaja ba ta cika iya ceto shi ba. In kana da kyamara mai ido biyu kamar Fujifilm W1 da ta fito a 2009 ko ƙanwarta W3 ta 2010, ko ma na'urar wasan gem ta Nintendo 3DS, ka huta, danna ɗaya hoto biyu. Yawancinmu dai waya ce a hannu, sai dai ka ɗauki ɗaya, ka ɗan matsa dama, ka sake ɗauka. Masu harkar suna ce wa wannan ca-ca, wato ka jingina nauyinka a ƙafar hagu ka danna, ka mayar da shi ƙafar dama ka danna. Nawa za ka matsa? Akwai wani lissafi da aka daɗe ana amfani da shi, ɗaya bisa talatin na nisan abun da ya fi kusa da kai a cikin hoton. In abu mafi kusa yana mita 2, matsawar santimita 6 zuwa 7 ta isa, ka ga ta zo daidai da tazarar ido. In mita 3 ne santimita 10. In fure kake ɗauka daga santimita 60 to santimita 2 kacal. In kuma dutse ne can nesa mita 300 ba komai a tsakaninku, kana iya takawa har mita 10, sai dai zai fito kamar ɗan ƙaramin dutsen wasan yara, don ka mayar da kanka wani ƙato mai faɗin fuska. Kuskuren da kowa ke yi da farko, har ni, shi ne zaƙewa, kana ganin in ka matsa da yawa zurfin zai fi fitowa, zai fito kam amma ido ba zai iya haɗa hotunan ba.

Kuma kar ka juya wayar tana kallon abun kamar kana zagaya shi, zame ta za ka yi a miƙe kamar tana kan layin dogo. In ka juya, gefe ɗaya na hoton zai fi girma a hoton hagu, ɗaya gefen ya fi girma a na dama, gyaransa sai da manhaja mai wayo. Sannan ka kulle fokus da haske kafin ka fara, a yawancin wayoyi in ka danna sikirin ka riƙe zai kulle. Filasha kuwa kashe ta, tunda tana tafiya tare da kyamarar inuwa za ta canza wuri tsakanin hotunan biyu.

Babban aibun ca-ca shi ne duk abun da ya motsa ya ɓata maka aiki. Na taɓa ɗaukar tsakar gidanmu da yamma, randa a gaba, bishiyar mangwaro a tsakiya, katanga a baya, komai ya zauna tsaf, sai da na haɗa na ga akuya da ke gindin mangwaron ta juya kai tsakanin dannawa ta farko da ta biyu. Duk hoton lafiya lau amma kan akuyar nan sai walƙiya yake yana ɓacewa yana dawowa, ido ya rasa inda zai ajiye shi. Ganye in ana iska, ruwa, hayaƙi, gajimare, duk haka suke yi.

Yanzu ga hotuna biyu a hannu. Abu na farko, tun kafin ka taɓa komai, sa musu suna. Misali randa_L da randa_R, ko hagu da dama, duk wanda ka zaɓa dai ka tsaya a kansa, kuma ka saba wa kanka da fara ɗaukar hagu kullum don a lambobin da kyamara ke ba hotuna wadda ta fi ƙanƙanta ta zama ita ce hagu. Ka yi folda ka zuba su ka bar su yadda suka fito daga kyamara. Ni a wajena waɗannan su ne yadi. Duk wani fayil da za ka fitar daga baya ɗinki ne, wanda aka auna wa mutum ɗaya, wanda ka ɗinka wa talabijin ba zai shiga mai tabarau ja da shuɗi ba, kuma in ka yar da yadin ba ka da abun da za ka sake yankawa.

Daga nan sai daidaitawa, kuma a nan ne aikin yake, sauran duk ƙarashe ne. Ido yana yafe bambancin hagu da dama, ai shi ne ma zurfin. Abun da ba ya yafewa shi ne bambancin sama da ƙasa. Idanunmu a jere suke a layi ɗaya, ba a halicce su ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa ba, to in bakin randa a hoton hagu ya fi na dama tsayi ko da 'yan fiksel ne, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, tsokar ido za ta yi ta kokawa ta haɗa su, mutum ba zai san me ke damunsa ba sai dai bayan minti biyu ya ce maka kansa na sarawa ya cire tabarau. Yawancin waɗanda ke cewa su 3D ba ya karɓarsu, ina kyautata zaton hoton da aka ba su ne ba a daidaita ba. Akwai dai mutanen da da gaske ba sa ganin zurfin ta wannan hanya, misali wanda ido ɗaya ya yi rauni tun yana yaro, wannan daban.

Abubuwan da ake gyarawa su ne sama da ƙasa, karkata in hannu ya ɗan juya, bambancin girma in ka ɗan matso gaba ba ka sani ba, da kuma wancan gefen da ya fi gefe girma. Za ka iya yi da hannu a Photoshop ko GIMP, ka ɗora hoton dama a kan na hagu a matsayin leya, wato shimfiɗa ɗaya a kan ɗaya, ka rage masa kauri zuwa rabi yadda za ka ga duka biyun, ka zaɓi alama ɗaya a kowace kusurwa ka yi ta turawa kana juyawa har kowace alama ta zauna a layi ɗaya da 'yar uwarta. Na yi hakan, yana yiwuwa, amma wahalar banza ce tunda akwai StereoPhoto Maker, manhajar kyauta ta Windows da wani ɗan Japan mai suna Masuji Suto ya rubuta. Fuskarta ta tsufa, kamar ta zamanin da muke zuwa kafe, amma ka buɗe hotunan biyu ka danna Alt da A, ita za ta nemo ɗaruruwan alamomi da suka yi daidai a hotunan ta gyara duk abun da na lissafa cikin 'yan daƙiƙu. Tana kuma iya daidaita kala da haske tsakaninsu, wanda shi ma dole ne, don in ɗaya ya fi ɗaya haske hoton zai riƙa ƙyalli kamar an shafa masa mai.

Wannan maganar ta shafi duk wani editin da za ka yi. Abun da ka yi wa hagu ka yi wa dama, daidai wa daida. In ka goge ƙurji a fuskar mutum a hoto ɗaya ka manta ɗayan, wajen zai riƙa ƙiftawa. In za ka yanke gefe ka yanke su tare a cikin manhajar da ta san hotuna biyu ne. Kar ka ba wa irin manhajojin nan masu gyara da kansu kowane hoto daban, kowanne za su yanke masa hukuncinsa.

Sai maganar taga, wadda ita ce mutane suka fi tsallakewa. Ɗauki gefunan hoton nan huɗu a matsayin tagar ɗaki da kake leƙa waje ta cikinta. In ka zame hoton dama zuwa hagu ko dama, ba ka canza yawan zurfin ba, amma kana tura duk abun da ke ciki baya ko kana jawo shi gaba. Duk abun da hotonsa na hagu da na dama suka hau kan juna daidai, shi ne yake zaune a kan gilashin sikirin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa abu mafi kusa, randar nan misali, ya zama shi ne a kan gilashi ko ɗan bayansa kaɗan, sai komai ya faɗa ciki. Ana iya barin abu ya fito waje, hannu da aka miƙo ko reshe, yana burge yara sosai, amma da sharaɗin bai taɓa gefen hoton ba. In ya taɓa, ido ya ce abun nan yana gaban taga, ƙwaƙwalwa ta ce to ya aka yi taga ta yanke shi, rigima ta tashi. Haka ma in za ka sa sunanka a kusurwa, sa shi a kan gilashin, kuma kar ka ɗora shi kan abun da ya fi shi kusa.

Akwai wani abu da ya danganci girman sikirin da ni ma sai da na ci karo da shi na gane. Tazarar da ke tsakanin abu mafi nisa a hoton hagu da na dama, ana son kar ta wuce kusan ɗaya bisa talatin na faɗin hoton. A waya mai faɗin santimita 15 rabin santimita ke nan, ba matsala. Amma ka haska wannan hoton a bango mai faɗin mita 3, tazarar ta zama santimita 10, ta wuce tazarar idanu, wato sai idanu sun buɗe waje kowanne ya kalli gefensa kafin su haɗa, abun da ba sa yi. Shi ya sa hoton da ya yi daɗi a waya zai iya zama azaba a majigi.

Yanzu mu zo kan ɗinkin. MPO shi ne abun da Fuji da 3DS suke ajiyewa, tsari ne da ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta fitar a 2009, kuma in ka leƙa cikinsa ba komai ba ne illa JPEG biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya da ɗan bayani a kan na farko da ke cewa akwai wani a baya. Shi ya sa in ka canza masa suna zuwa .jpg zai buɗe a ko'ina amma hoto ɗaya za ka gani. Haɗarin shi ne ka buɗe shi haka a manhajar da ba ta san da na biyun ba, ka gyara, ka ajiye a kan na asali, to ka yi sallama da idon dama. Fara raba shi biyu tukuna, da StereoPhoto Maker ko wata manhajar kyauta mai suna ExifTool, ka gama aikinka sannan ka sake haɗawa in kana buƙata.

Na biyu shi ne jerawa gefe da gefe a hoto ɗaya mai faɗi, kuma a nan ne ake yawan faɗawa rami, don jerawar iri biyu ce. Akwai ta miƙe, hagu a hagu dama a dama, ita ce tabarau irin na kwali da ake saka waya a ciki suke so, irin Google Cardboard na 2014, da tsofaffin katunan da ake kallo da na'urar hannu. Akwai kuma ta harɗe, hoton idon dama a hagu na idon hagu a dama, wadda ake kallo ba tabarau, ka harɗe idanu kamar mai harara-garke har hotuna biyun su zama uku, na tsakiyar shi ne mai zurfin. Kallon miƙe da ido tsirara yana yiwuwa amma sai hoton ya zama ƙarami, kowanne bai wuce tazarar ido da yawa ba, shi kuwa na harɗe ko a babban sikirin ana yi. Fayil ɗin JPS ba wani abu ba ne, JPEG ne mai gefe da gefe da aka canza wa wutsiyar suna, kuma a al'ada jerin harɗe ne a cikinsa. PNS shi ne ɗan uwansa na PNG, wani tsarin ajiye hoto da ba ya rage inganci. To matsalar ita ce fayil ɗin kansa yawanci ba ya gaya wa manhaja wane ne hagu, zato kawai take yi, in zatonta ya saɓa da naka komai ya juye.

Na taɓa ɗaukar hoton ƙanina yana zaune a bakin ƙofa, na haɗa, na miƙa masa tabarau ina jiran yabo. Ya ɗan jima yana kallo sai ya ce, “Yaya, me ya sa hancina ya shige ciki kamar an danna gwangwani, ƙofar kuma tana gabana?” Na karɓa na duba, ashe na musanya su. Abun haushin shi ne wani lokacin ba ya fitowa ƙarara haka, ƙwaƙwalwa ta san fuska ba ta lotsawa sai ta ƙi yarda, kai dai ka ji hoton bai yi maka daɗi ba. In kana shakka juya tabarau ɗin, in ya fi kyau a juye to ka musanya, harafin X a StereoPhoto Maker yana gyara shi. Ko ka duba da ido, abun da ke kusa a hoton idon hagu yana ɗan karkata zuwa dama in ka gwada shi da bayansa.

Talabijin mai 3D kuma, ga wanda har yanzu yake da ita tunda manyan kamfanoni sun daina yin su wajen 2017, ta fi son a matse kowane hoto zuwa rabin faɗinsa, fiksel 960 a 1080, a jera su cikin 1920 a 1080, ita za ta miƙar da su. In ka ba ta wanda ba a matse ba mutane su fito da faɗi kamar an zauna musu a kai, in kuma ka ba wa tabarau na kwali wanda aka matse su fito sirara kamar sanda. Sababbin iPhone suna ajiye nasu hotunan biyu cikin fayil ɗin HEIC guda, shi ma dai kamar MPO ne a wannan fannin, yawancin manhajoji ɗaya kawai suke nunawa. Shi kuwa 3D ɗin da Facebook ya kawo a 2018 wanda hoto ke motsi in ka karkata waya wani abu ne daban, hoto ɗaya ne da taswirar nisa, kar ka haɗa su.

Na bar anagilif a ƙarshe don shi ne mafi arha kuma mafi rigima, wato mai tabarau ja a hagu, shuɗi a dama. Shuɗin nan ba shuɗi zalla ba ne, haɗin kore da shuɗi ne. Dabarar tsohuwa ce, tun 1853 wani Bajamushe Wilhelm Rollmann ya bayyana ta, kuma har yau NASA tana fitar da hotunan duniyar Mars a haka. Yadda ake yinsa, kowane hoto a kwamfuta kala uku ne, ja da kore da shuɗi, sai a ɗauki jan daga hoton hagu, kore da shuɗi daga na dama, a haɗa. A Photoshop ka sa dama a sama hagu a ƙasa, ka shiga saitin haɗa leyar ta sama ka cire alamar R, wato ja, an gama. Sai dai duk abun da yake ja sosai ya zama bala'i. Ka ɗauki dattijo da jar dara a kansa, idon hagu zai ga hular da haske, idon dama ya gan ta baƙa wuluk, sai ta yi ta walƙiya. Maganinsa ko ka rage ƙarfin jan tun kafin haɗawa, ko ka mayar da hoton baƙi da fari wanda ni a ganina shi ya fi daɗin kallo, ko ka zaɓi tsarin Dubois, lissafin da Eric Dubois na Jami'ar Ottawa ya fitar wajen 2001, yana ɗan kashe kala amma ido yana hutawa, kuma yana nan a cikin StereoPhoto Maker.

Ɗayar rigimar ita ce fatalwa, wato ido ɗaya ya riƙa hango inuwar hoton ɗan uwansa, ta fi fitowa inda fari ya haɗu da baƙi, farar riga a bakin ƙofa mai duhu misali. Wani ɓangaren laifin tabarau ne da sikirin, amma babban ɓangare laifin JPEG ne, don shi JPEG yana rage girman fayil ne ta hanyar ajiye haske cikakke ya rage bayanin kala, yawanci zuwa rabi a tsaye rabi a kwance, yana ganin ido ba zai lura ba. A hoto na yau da kullum gaskiyarsa ne. A anagilif kuwa kalar ita ce ke raba hagu da dama, in ta zuba cikin juna zurfin ya dagule. Don haka ka ajiye shi a PNG, in dole sai JPEG to ka kai ingancin ƙarshe ka kashe rage kalar, kuma kar ka rage girman anagilif bayan ka haɗa shi ka sake ajiyewa sau biyu sau uku, koma kan yadin ka rage su sannan ka haɗa sabo.

Duk wannan wahalar kuma WhatsApp zai iya rusa ta a daƙiƙa ɗaya, in ka tura shi a matsayin hoto zai sake matse shi da nasa JPEG ɗin. Hoton randar nan da na sake ɗauka bayan an ɗaure akuya, na tura wa ƙanina ya ce min duk gefen mangwaron fatalwa ce, na sake tura masa shi a matsayin dokumen, fayil ɗin PNG yadda yake, megabait ɗinsa ya fi yawa ya yi ta mitar data, amma ya buɗe ya ce yanzu kam har yana jin zai iya zura hannu ya ɗauko moɗa.